Baƙar waya, ma'ana biyu: nazarin firizar da ta ja yaron shago a Jega

Lamarin ya auku ne a wani shagon sayar da ƙanƙara da ruwan leda da zoɓo a garin Jega ta jihar Kebbi, a tsakiyar bazara, lokacin da zafin rana kan haura digiri 40 kuma duk mai firiza yake so ta yi ta aiki muddin akwai wuta. Mai shagon ya taso ne daga wata ƙaramar rumfa zuwa shago mai faɗi a jerin shagunan haya, ya kuma zo da firizarsa ta kwance, wadda ta daɗe tana yi masa aiki ba tare da ta taɓa jan kowa ba. Ba a jima da tarewa ba sai yaronsa, yana tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti, ya dafa gefen firizar inda fenti ya ɓare domin ya ɗauko ƙanƙara, wuta ta fizge shi ta yar da shi ƙasa. Allah ya yi da sauran kwana a gaba, domin faɗuwar ce ta raba hannunsa da ƙarfen. An kai shi asibiti, aka duba bugun zuciyarsa, aka sallame shi da ɗan ƙuna a tafin hannu. Fiyus ɗin filogi bai ƙone ba, firizar kuma ta ci gaba da daskarar da ruwa kamar babu abin da ya faru, abin da ya sa mai shagon ya yanke cewa ta tsufa ne kawai, ya fara neman mai saye, kafin wani maƙwabcinsa ya ba shi shawarar a kira mai wayarin ya duba. Ta haka aikin ya zo hannuna.

Tambayar farko a irin wannan bincike ita ce abin da ya canza tsakanin lokacin da na'ura take lafiya da lokacin da ta fara ja. Abu ɗaya ne ya canza a jikin firizar, wato wayarta. Soket ɗin sabon shagon yana can kusurwar ciki, firizar kuwa dole ta zauna kusa da ƙofa inda masu saye ke tsayawa, ga shi wayarta ta asali gajeriya ce, ɓera ma ya ci gefenta. Sai mai shagon ya samo wani kebul mai kauri, mai rigar baƙar roba, a wurin masu sayar da tsofaffin kaya. Da safe mai gyaran firij ya zo, ya buɗe bayan firizar wajen kwamfuresa, wato injin da ke sanyaya ta, ya cire tsohuwar wayar ya ɗaura sabuwa, amma da yake an ɗauke wuta kuma bai zo da filogi ba, ya karɓi kuɗinsa ya tafi ba tare da ya gwada ba. Da yamma yaron mai wayarin da ke rataya fanka a shagon ya ɗaura filogin a ɗaya bakin, a matsayin alfarma. Mutum biyu ne suka yi aiki a kan kebul ɗaya, kowanne a nasa bakin, kuma ba su taɓa haɗuwa ba.

Wayoyin da ke cikin firizar ruwan ƙasa ne da shuɗi da kore mai ratsin rawaya. Na cikin sabon kebul ɗin kuwa baƙi ne da fari da kore. A nan ne asalin matsalar yake, domin a kasuwanninmu tsarin launi uku ne ke yawo tare, kowanne da ƙasar da ya fito.

Na farko shi ne tsohon tsarin Ingila, wanda muka gada tun zamanin mulkin mallaka tare da filogi mai ƙafa uku da wuta mai ƙarfin bolt 230. A cikinsa ja ita ce mai ɗauke da wuta, wadda masu sana'a ke kira layif, baƙa ita ce nutural, wadda wutar ke komawa ta cikinta, kore kuma ita ce atin, wato wayar da ke haɗa jikin na'ura da ƙasa. Har yau akasarin gidaje da shagunanmu da waɗannan launuka ake ja musu waya, kuma duk wanda ya koyi sana'ar a hannun ubangida, abin da aka fara cusa masa ke nan. Na biyu shi ne tsarin Turai, wanda hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya, IEC, ta tabbatar a ƙa'idarta mai lamba 60445: ruwan ƙasa layif, shuɗi nutural, kore da rawaya atin. Ingila ta koma wannan tsari a wayoyin na'urori masu lanƙwasuwa tun wajajen 1970, amma ba ta canza launin wayoyin cikin bango ba sai a 2004, ta kuma hana sabon aiki da tsohon launi daga ƙarshen watan Maris na 2006. Wannan shi ya sa a ɗaki guda za a ga ja da baƙi a cikin soket, ruwan ƙasa da shuɗi a cikin filogin da aka soka masa. Na uku shi ne na Amurka, inda wutar soket take bolt 120: a wurinsu baƙa ita ce layif, fara nutural, kore atin.

Wanda ya jera tsarin nan uku zai ga cewa baƙar waya tana nufin abu biyu masu karo da juna. A wayarin gidajenmu ita ce ake ɗauka ba ta da haɗari, a kebul na Amurka kuwa ita ce mai kisa. Ba ita kaɗai ba ce. A wuta mai layi uku, irin wadda manyan injinan casar shinkafa ke amfani da ita, tsohon tsari yana da ja da rawaya da shuɗi a matsayin layukan wuta, baƙi nutural, sabon tsari kuwa yana da ruwan ƙasa da baƙi da ruwan toka a matsayin layukan wuta, shuɗi nutural. Baƙi da shuɗi sun yi musayar matsayi ke nan, a wurin da ke da bolt 400 tsakanin layi da layi. Ingilawa sun san haɗarin, shi ya sa da suka yi canjin suka wajabta liƙa takardar gargaɗi a jikin akwatin rarraba wuta na duk ginin da ya haɗa launukan biyu. Akwai ma tsofaffin kayan Jamus na kafin tsakiyar shekarun 1960 da ja take nufin atin, waɗanda in aka ɗaura musu filogi bisa sabonmu, jikin na'urar ne kai tsaye za a ba wuta. Ratsin kore da rawaya kuwa an zaɓe shi ne saboda mutanen da idonsu ba ya bambance ja da kore, domin babu musayar da ta kai ta layif da atin muni, kuma ƙa'ida ta ce kowane launi daga cikin biyun kada ya gaza kashi 30 cikin 100 na jikin wayar, kada kuma ya wuce kashi 70.

Na fara da filogin, bayan na zare shi daga bango. Da aka cire murfinsa, aikin yaron mai wayarin ya fito fes: babu silin waya ko ɗaya da ya leƙo waje, ya ɗaure sukurori da kyau, rigar kebul ɗin tana ƙarƙashin maƙalinta, korar wayar tana ƙafar sama mai alamar E, har ya bar mata ɗan sarari fiye da sauran. Sai dai baƙar tana hagu a ƙafa mai alamar N, farar kuma tana dama kusa da fiyus, a ƙafa mai alamar L. Da aka kira shi aka tambaye shi dalili, bai yi wata-wata ba ya ce wa ubangidansa: "Maigida, baƙa ai nutural ta, haka munka koya. Kore kau atin ta. Wadda ta rage ita na sa ma wuta." Bisa abin da aka koya masa, lissafinsa daidai ne.

A bayan firizar kuma aikin mai gyaran firij ya fito da nasa lissafin. Ya haɗa baƙa da ruwan ƙasa, fara da shuɗiya, kore da sukurun jikin ƙarfe. Shi mutum ne da ya saba da tsofaffin firij da na'urorin sanyaya ɗaki masu shigowa daga ƙasashe daban-daban, ya kuma ga rubutun da ke jikin rigar kebul ɗin, 16 AWG, wanda ma'aunin kaurin waya ne na Amurka, kimanin murabba'in milimita 1.3, saboda haka ya bi tsarin Amurka. Shi ma bai yi kuskure ba in an ɗauki bakinsa shi kaɗai. Da mutum ɗaya ne ya yi bakin biyu, ko da wane tsari ya bi, wuta za ta faɗa kan wayar da ta dace, domin jan ƙarfen da ke ciki iri ɗaya ne, launin robar alkawari ne kawai tsakanin wanda ya ɗaura wannan baki da wanda zai ɗaura wancan. Da alkawarin ya karye, wutar da ta shigo ta ƙafar L ta bi farar waya ta sauka a kan shuɗiyar wayar firiza, wadda masu ƙera ta suka tsara a matsayin nutural.

Juyewar layif da nutural ita kaɗai ba ta hana na'ura aiki, domin wutarmu mai kai da komowa ce, sau 50 a daƙiƙa, kwamfuresa kuma bai damu da ta inda ta shigo ba. Shi ya sa da yawa daga cikin masu sana'a suke ɗaukar abin da wasa, har sukan ce ai duk ɗaya ne. A ganina wannan ita ce magana mafi haɗari da ke yawo a sana'armu. Masu ƙera na'ura suna ɗora makunni da tamostat, wato abin da ke kashe injin in sanyi ya kai, a kan layif ne, domin in an kashe, cikin na'urar ya zama babu wuta. Idan aka juya, tamostat zai yanke nutural, injin ya yi shiru, amma wuta tana nan kwance a cikinsa tana jiran hannu.

Duk da haka ana buƙatar hanyar da wutar za ta bi ta hau jikin ƙarfe, kuma an same ta. A ƙasan kwamfuresa, inda shuɗiyar wayar ta ratsa gefen farantin ƙarfen da injin ke zaune a kai, girgizar shekaru ta goge robar har jan ƙarfen ya fito, tsawonsa bai wuce ƙwayar shinkafa ba, ya yi tsanwa-tsanwa saboda danshi, yana kwance a kan tsatsar farantin. Wannan rauni tsoho ne, tun a rumfa yake. Bai taɓa jan kowa ba saboda a wancan lokaci shuɗiyar nutural ce ta gaske, nutural kuwa an haɗa ta da ƙasa a wurin taransfoma, saboda haka bambancin ƙarfin wuta tsakaninta da simintin da mutum ke tsaye a kai ɗan kaɗan ne, jiki ba ya ji. Ranar da aka juya launi, wannan ɗan wuri ya ɗauki cikakken ƙarfin wuta ya ba jikin firizar baki ɗaya. Da aka mayar da filogin aka auna tsakanin inda fentin ya ɓare da sandar ƙarfen da aka kafa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, mita ta nuna sama da bolt 200.

Saura tambaya ɗaya: me ya hana korar waya yin aikinta, alhali an ɗaura ta daidai a baki biyun? Aikin atin shi ne, da zarar layif ta taɓa jikin na'ura, ya buɗe wa wutar hanya mai sauƙi ta kwarara da yawa nan take, har fiyus ya ƙone ko bireka ta faɗi kafin kowa ya taɓa. Da aka kwance soket ɗin daga bango, waya biyu ce kawai a bayansa, ja da baƙa. Sukurun atin yana nan sabo yana ƙyalli, ba a taɓa sa masa sukundireba ba. A duk jerin shagunan babu sandar atin ko ɗaya da aka binne. Korar wayar ta taso daga jikin firiza, ta bi kebul, ta shiga doguwar ƙafar filogi, ta ƙare a ramin da bai haɗu da komai ba.

Mai shagon ya yi ta nanata cewa ai akwai fiyus, me ya sa bai ƙone ba. Amsar tana cikin lissafi. Jikin mutum mai jiƙaƙƙen hannu da ƙafa turjiyarsa ga wuta takan sauko zuwa kimanin om 1,000, wanda a kan bolt 230 yake ba da amfiya 0.23, wato miliamfiya 230. Fiyus ɗin filogin na amfiya 13 ne, irinsa kuma yana iya ɗaukar amfiya 20 na wani ɗan lokaci bai ƙone ba. Wutar da ta ratsa yaron ba ta kai kashi 2 cikin 100 na abin da aka rubuta a jikin fiyus ɗin ba, alhali daga kimanin miliamfiya 10 tsokar hannu take fara ƙanƙamewa mutum ya kasa saki, daga 30 zuwa sama kuma zuciya take shiga haɗari. An sa fiyus ne domin ya kare waya daga zafi da gobara. Abin da ke kare mutum shi ne atin mai kyau, tare da na'urar da ake kira RCD, wadda ke auna wutar da ta fita ta layif da wadda ta dawo ta nutural, in ta ga giɓin miliamfiya 30 ta yanke cikin ƙiftawar ido. Da akwai ta a shagon, da ta yanke wutar da zarar ta fara ratsa jikin yaron, ko da babu atin.

Idan aka zo rabon alhaki, ban ga adalci ba a ɗora wa yaron mai wayarin laifin duka, kamar yadda aka so yi a wurin. Farar waya baƙuwa ce a tsarin da ya sani, ganinta kaɗai ya isa ya sa ya dakata ya tambaya, kuma wannan gazawarsa ce. Amma ubangidansa bai taɓa gaya masa akwai wani tsari ban da ja da baƙi ba, bai kuma ba shi mita ba, testa kawai yake yawo da ita a aljihu. Mai gyaran firij ya san kebul ɗin na Amurka ne, ya kuma san ba shi zai ɗaura filogi ba, duk da haka ya tafi bai naɗa ko ɗan salatif mai launi a ɗaya bakin ba, kuma hannunsa ya kai inda shuɗiyar wayar ta goge bai duba ba. Mafi nauyin alhaki kuwa yana kan wanda ya ja wayar ginin babu atin da wanda ya biya shi a kan haka domin rage kuɗi, saboda kuskuren biyun farko irin wanda aka yi atin domin ya rufe ne. Doka ba ta yi shiru a kan wannan ba: hukumar NERC mai kula da harkar lantarki a Najeriya ta fitar da ƙa'idojin samar da wuta da wayarin a 2015, a shekarar ce kuma aka yi dokar hukumar NEMSA, wadda ke da alhakin tantance masu aikin wayarin da duba aiki kafin a ba shi wuta.

Kebul ɗin kansa ba shi da aibi wajen ƙarfi. Waya mai lanƙwasuwa mai murabba'in milimita 0.75 tana ɗaukar amfiya 6, mai 1.0 tana ɗaukar 10, mai 1.25 tana ɗaukar 13, mai 1.5 kuma 16, firiza irin wannan kuwa wutar da take ja tana tafiya ba ta wuce amfiya ɗaya ko biyu, sai lokacin tashin kwamfuresa da takan ninka na ɗan lokaci. Aibinsa shi ne yadda aka yi amfani da shi. An shimfiɗa shi a ƙasa daga kusurwa zuwa ƙofa, a inda ruwan ƙanƙara ke kwanciya kuma ake jan kiret a kai. Kundin dokokin wayarin na Amurka, a sashensa na 400, ya hana a mayar da irin wannan waya madadin wayarin gini, ko a ratsa da ita ta bango ko ƙofa ko taga, ko a ɓoye ta inda ido ba ya gani, ya kuma nemi ta kasance ɗaya tilo babu haɗi a tsakiya. Dalilin a bayyane yake, domin an yi ta ne da siraran silin jan ƙarfe don ta lanƙwasu, rigarta kuma ba ta jure taku da gogayya na shekaru. In soket ya yi nisa, soket ake kawowa kusa, ba wayar na'ura ake ƙara wa tsawo ba.

Gyaran da aka yi ya bi wannan tsari. An yanke gogaggen wurin shuɗiyar waya aka sa sabuwa, aka zura ta cikin bututun roba, aka ɗaure ta nesa da bakin farantin. An cire kebul na Amurka gaba ɗaya, aka sa gajeriyar waya mai 1.5 mai launi irin na cikin firizar, domin duk wanda ya buɗe nan gaba ya ga launi ɗaya daga filogi har kwamfuresa. A cikin filogin an yanke ruwan ƙasa ta fi gajarta, kore da rawaya ta fi tsawo, saboda in wani ya yi tuntuɓe ya fizge wayar, layif ce za ta fara ficewa, atin ta zama ta ƙarshe. An ja sabon soket kusa da ƙofa a cikin bututu, sama da inda ruwa ke kaiwa, da waya uku, aka binne sandar atin a bayan shagon inda ƙasa ke da danshi. Kafin a ba da wuta an auna da mita daga kowace ƙafar filogi zuwa inda ta ƙare a cikin firizar, aka tabbatar doguwar ƙafa tana haɗe da jikin ƙarfe, sauran biyun kuma ba sa haɗe da shi. An kuma gwada soket ɗin a kan wutar gari da ta janareto dabam-dabam, domin sau da yawa wurin canji ne ake juya layif da nutural, ƙananan janareto da yawa kuma ba a haɗa nutural ɗinsu da jikinsu ba, ta yadda testa kan kama a ramuka biyun ta rikita mai dubawa. Kebul ɗin da aka cire an naɗa wa baƙarsa salatif ruwan ƙasa, farar kuma shuɗi, a baki biyun, kafin a mayar wa mai shi.

Inda aka ja daga shi ne kan RCD. Mai shagon ya ce kuɗin ya yi yawa, ya kuma ji an ce tana yawan faɗuwa ta bar mutum da narkakkiyar ƙanƙara. Na ce masa: "Alhaji, in ta faɗi to wuta ce take zurarewa a wani wuri, gara ta faɗi a nemi wurin da a ce jikin yaro ne zai nuna mana." Ya amince aka sa mai miliamfiya 30 a layin firizar, aka nuna wa yaron shagon maɓallin gwajin da ke jikinta da yadda zai riƙa danna shi lokaci-lokaci ya ga ta yanke. Sauran shagunan jerin, ciki har da na mai guga da na mai cajin waya, suna nan da waya biyu a bayan soket, domin mai ginin ya ce aikin na masu haya ne, su kuma suka ce gini ba nasu ba ne, ba za su binne kuɗinsu a cikinsa ba.